Gizo Da Gammo

Duk wanda ya zauna Kaduna ya san Barikin Kalapanzin da Barikin Dalet. Wanda ya zauna Ibadan ya san Letmauk, wanda kuwa ya taɓa zuwa Ikko ba ya rasa jin Myohaung da Tamandu da An, balle Barikin Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna kafin a koma Abuja cikin 1991. Sunayen nan sun zauna a bakin mutane har ba mai tambayar asalinsu. To, ba Hausa ba ne, ba kuwa Yarbanci ko Turanci ba. Sunayen koguna ne da ƙauyuka na ƙasar Bama, wadda ake kira Myanmar yanzu, inda samarin ƙasar nan suka gwabza da mutanen Japan cikin 1944 da 1945. Abin mamaki shi ne an riƙe sunan wurin da aka yi yaƙin, har an rubuta shi da manyan baƙaƙe a ƙofar bariki, amma sunayen mazan da suka yi yaƙin, da na matan da suka bari a gida, yawancinsu sun bi ruwa.

Sa'ad da yaƙin Hitila ya tashi cikin watan Satumba na 1939, sojan Nijeriya kaɗan ne, bataliyoyi ne da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Da wuta ta yi wuta sai Gwamna ya nemi taimakon sarakuna, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai suka kira dagatai. Waɗansu samari suka tafi da ƙafarsu don sha'awar kaki da albashi, wanda bai wuce wajen sule guda a rana ba, waɗansu don gudun haraji ko wani abin kunya, waɗansu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa don a cika adadin da aka yanka wa ƙasarsa. Ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Barebari da Zabarmawa da Dakarkari da Angasawa da Tibi da Bacama da mutanen Kudu, amma Hausa ce ta haɗa yawancinsu a bariki, shi ya sa baƙi suka riƙa ce musu sojan Hausa. Na farko aka kai su gabashin Afirka suka yaƙi Italiya. Cikin Fabrairu na 1941 suka shiga Mogadishu, daga nan suka ci fiye da mil 1,000 cikin wata guda har Harar ta ƙasar Habasha.

Babbar tafiya ita ce ta Bama. Cikin 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka haɗa mutanen Nijeriya da na Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. Waɗanda aka tsallaka da su teku zuwa wancan fage sun kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu daga Nijeriya. Kowace runduna da alamar da sojanta ke ɗaurawa a kafaɗa. Ta 81 gizo-gizo ne baƙi a kan rawaya, shi ne dai Gizon tatsuniya mai cin galaba da dabara, wanda Asantawa ke kira Ananse. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye cikin gammo. Wanda ya zaɓi gammon nan ya faɗi gaskiya, domin da ka aka yi wannan yaƙi kamar yadda aka yi shi da bindiga.

Dalili kuwa shi ne ƙasar. Yankin Arakan, wanda ake kira Rakhine yanzu, duwatsu ne jere da juna, kurmi ya rufe su, ga gora ta yi duhu, ga koguna a kowane kwari. Ruwan saman da ke zuba can a shekara ya kai inci 200, alhali kuwa na Kano bai cika wuce inci 35 ba. Mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Saboda haka kowace runduna tana da dubban sojoji waɗanda aikinsu dako ne. Mutum ya aza laba 40 ko fiye a ka, ban da kayansa na kansa, harsashi ne, ko shinkafa, ko guntun igwa, ko akwatin waya, ya hau tudu ya gangara cikin taɓo, galibi ba shi da makami sai adda. Runduna ta 81 ta sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin mil 75 cikin kurmin nan da adda da diga don ta kai kwarin Kogin Kaladan. Da suka yi nisa, abincinsu da harsashinsu duka daga jirgin sama ake jefo musu da laima, ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar ta haka wata da watanni. Bataliyoyi uku na Nijeriya kuma, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka ware su aka haɗa da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su da jirgi a bayan abokan gaba. Daga nan Barikin Chindit na Zariya ya samo suna.

Waɗanda suka komo sukan ce harsashi bai fi cuta ɓarna ba. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atuni, ga gyambo da ba ya warkewa saboda laima, ga matsattsaku da ke shiga ta kafar takalmi ya sha jini mutum bai sani ba. Abokin gaba kuwa ba ya fitowa fili a gan shi. Yakan haƙa rami ya rufe da gungume, ko ya hau itace ya ɗaure kansa, da dare kuma ya riƙa kururuwa kusa da sansani don wani ya firgita ya harba a gane inda ake. Karon farko a Kaladan, cikin Maris na 1944, Japan suka tilasta musu ja da baya. Da damina ta wuce suka koma, har rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung cikin Janairu na 1945. Kowace bataliya tana da limaminta, mutane suna salla inda hali ya yi, suna binne ɗan'uwansu a gindin gora su wuce. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gado cikin 1944, ya tafi har Indiya da Bama ya gaishe su, abin da tsofaffin soja suka daɗe suna ambato.

Wannan shi ne kayan da aka ɗauka a can. Amma akwai wani kaya da aka ɗauka a nan gida, wanda ba a yi masa alama a kafaɗa ba, ba a kuwa sa wa wani bariki sunansa ba.

Da saurayi ya tafi, fartanya ɗaya ta ragu a gandu, haraji kuwa bai ragu a gari ba. Shekarun nan kuma na tsanani ne. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, akoko da alawayyo sun yi tsada har mutane suka koma wa saƙi. Ana matsa wa manoma su ƙara gyaɗa don Ingila, kuma daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su. Gida guda sai ya ba da ɗa ga soja, ya ba da wani ga kuza. Abin da ke riƙe iyalin soja shi ne kason da ake yanka daga albashinsa a biya wanda ya ambata. Ranar biya sai ka ga mata da tsofaffi zaune a inuwar Baitulmali tun hantsi, waɗansu sun kwana biyu a hanya, malami yana kiran lambar soja da sunansa, ana dangwala yatsa. Kuɗin ba su da yawa, amma sun haddasa shari'u. Uba ya ce shi ya haifa, mata ta ce ita ke da ciyarwa, ƙane ya ce shi ke noma gonar.

Akwai wani gida a ƙasar Zazzau da labarinsa ya isa misali. Maigidan ɗan dako ne a runduna ta 82, ya tafi ya bar amarya da cikin wata huɗu, da tsohuwarsa wadda idonta ya fara raunana. Sunan tsohuwar ya ba da a takarda, don haka ita ke karɓar kuɗi, amaryar ce kuwa ke riƙe mata sanda zuwa birni kowane wata. Sauran kwanaki yarinyar nan tana kaɗi, tana surfe a gidajen masu hali, tana yin ƙuli-ƙuli ana kai mata kasuwa. Ta haihu aka yi suna ba uba, tsohuwar ta sayar da akuyarta aka sayi abin yanka. Cikin shekara biyu takarda uku suka samu. Malamin kamfaninsu ne ya rubuta masa da boko, su kuma sai sun kai wa malamin elemantare ya karanta musu. Ba kome ciki sai gaisuwa, da cewa yana lafiya, da tambayar ko an yi ruwa, da ko an biya wa tsohuwa kuɗinta, domin ba a yarda soja ya faɗi inda yake ba. Amaryar ta haddace takardun nan uku kamar karatun allo, ta naɗe su cikin tsumma ta sa a ƙasan ƙwarya. In jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso garin, wadda Malam Abubakar Imam ke shiryawa a Zariya, maza kan taru a ƙofar gidan dagaci a karanta musu labarin yaƙi, ita kuwa sai ta aiki yaro ya tsaya a gefe ya saurara ko za a ambaci Bama.

Daga nan takarda ta yanke wata goma sha ɗaya. Danginta suka fara zuwa suna cewa ƙuruciya ba ta jira, ga mai nema, a tafi wurin alƙali. Tsohuwar da kanta ta ce mata ba za ta riƙe ta ba. Yarinyar ta ce muddin malamin Baitulmali yana kiran lambar mijinta ana biya, to, hukuma ba ta ce ya mutu ba, ita ma ba za ta ce ba. Ashe yana kwance asibiti a Indiya, zazzaɓi ya kusa kashe shi. Ya komo cikin 1946, ɗansa ya gan shi ya ruga bayan uwa yana kuka.

Ba kowane gida ne ya yi wannan sa'a ba. In soja ya mutu, labari kan biyo waya daga Ikko zuwa Razdan, daga Razdan zuwa fada, daga fada zuwa hakimi, har ya iso ga dagaci, shi kuma ya ɗauki liman su yi sallama a zaure. Ba gawa, ba likkafani, ba kushewar da za a nuna wa 'ya'ya. A yi addu'a, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mata ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Wannan da zafi, amma ya fi sauƙi bisa ga gidan da aka ce musu mutuminsu ya ɓace. Matar wanda ya ɓace ba ta da miji, ba ta kuwa fita aure. Littafin Risala, wanda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da shi, ya yanka mata jiran shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara aka bincika ba a sami labari ba, sa'an nan ta yi takaba. Wadda aka bari ba ci ba sutura kuwa tana da hanyar neman rabuwa tun kafin haka. Saboda haka aka sami mazan da suka komo da akwati cike da turamen Indiya suka tarar matar tana goye da ɗan wani. Ba a ce ta yi laifi ba, ba a kuwa ce shi ya yi ba. Sai dai a ce abin da yaƙi ya ci ke nan.

Ɓacewar nan kuwa ba kullum take zama mutuwa ba. Wani yaro Bayarabe mai suna Isaac Fadoyebo, daga wajen Owo, ya shiga soja yana ɗan shekara 16, yana aikin jiyya. Cikin Maris na 1944 Japan suka auka wa ƙungiyarsu a bakin Kaladan suka kashe yawancinsu, shi kuma aka harbe shi a ƙafa aka bar shi don zaton ba zai tashi ba. Wani manomi Musulmi na ƙauyen, ana ce masa Shuyiman, ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo, yana ciyar da su daga ɗan abin da yake da shi, alhali ya san in Japan suka gane, shi da iyalinsa sun halaka. Wata tara suka yi kafin a cece su, a gida kuwa an riga an fid da rai. Fadoyebo ya rubuta labarinsa da hannunsa. Cikin 2011 wani ɗan jarida Bature, Barnaby Phillips, ya bi sawu har ƙauyen, ya sami 'ya'yan manomin ya kai musu takardar godiya daga tsohon, wanda ya rasu cikin 2012. An san wannan labari ne don mai shi ya iya rubutu. Dubbai irinsa sun shiga ƙasa tare da masu su.

Japan ta sallama cikin Agusta na 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa yawancin sojan nan ba su ga gida ba sai cikin 1946. Aka sauke su Ikko, jirgin ƙasa ya kwaso na Arewa, kowa da littafin sallama, da lambobin yabo, da 'yan kuɗin sallama. Wani ya sayi keke, wani keken ɗinki, wani ya yi aure, wani kuwa 'yan'uwa da maroƙa suka cinye cikin wata biyu. An yi doka cikin 1945 cewa a fifita tsofaffin soja wajen ɗaukar aiki, waɗansu kuwa sun samu. Daga cikinsu En'e ta sami 'yan doka da dogarai da gandirobobi da masinjoji, kamfanoni suka sami masu gadi, waɗanda suka koyi tuƙi suka zama direbobin manyan motoci. Amma masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, ɗan dako kuwa da ba shi da sana'a sai kansa, gona ya koma. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, kuma an yi musu alkawari da yawa a bakin daga. A Ankara ta Gwalkwas, ran 28 ga Fabrairu na 1948, tsofaffin soja suka yi jerin gwano za su kai kukansu ga Gwamna, 'yan sanda suka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta mulkin kan ƙasar cikin 1957. Cikin 2019 kuma aka tono wata takardar gwamnatin Ingila da ta nuna cewa a rundunar Afirka ta Gabas, kuɗin sallamar farabiti Bature sule 10 ne a kan kowane watan aiki, na baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Tsofaffin sun san da bambanci tun ba a ga takarda ba.

Akwai kuma kayan da mutum ya komo da shi wanda ba a gani. Maigidan nan na ƙasar Zazzau ya sami aikin masinja, ya yi shekara ashirin yana yi ba a taɓa kama shi da makara ba, mutum ne mai tsabta da ladabi, ba ya doguwar magana. Amma in damina ta kama aka yi tsawa da dare, sai ya zabura ya faɗa ƙarƙashin gado yana kiran sunayen waɗansu mutane da ba wanda ya sani a garin. Matarsa ta koyi yadda za ta yi. Ba ta taɓa shi, ba ta kunna fitila, sai ta zauna daga bakin ƙofa tana kiran sunan ɗansu a hankali, tana ce masa gero ya yi kyau bana, har ya komo hayyacinsa. Da safe ba mai tayar da zancen. Mutanen gari kan ce iskokin Bama ne suka biyo irin waɗannan, a yi ta rubutu da hayaƙi. Likitocin yanzu sun san abin, sun ce rauni ne da firgita ke yi wa zuciya kamar yadda harsashi ke yi wa jiki, yana kuwa da magani. A wancan zamani maganinsa mace ce mai haƙuri. Waɗansu gidajen kuwa abin ya zo da duka da shaye-shaye da saki, 'ya'ya suka tashi suna tsoron uban da ba su san abin da ya gani ba. Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan, ɗan wani tsohon sojan Bama ne, daga abin da ya ji a gidansu ya rubuta littafinsa Burma Boy cikin 2007.

Yanzu 'yan Bama sun ƙare, sai fa ɗaiɗai da Allah ya ja wa kwana, matansu ma haka. A maƙabartar Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai ginshiƙan dutse da aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu da sunayen mutanen ƙasar nan, waɗansu an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji. Hukumar da ke kula da maƙabartun yaƙin ta sa rajistarta a intanet, mai lambar kakansa yana iya nema. A Nijeriya kuwa ana tuna mazan jiya kowace shekara ran 15 ga Janairu, a ajiye furanni, a busa begila, a saki tattabaru. Wannan ya yi kyau, amma bai isa ba.

Abin da ya rage a hannun jikoki yake. A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka da littafin sallama a ciki, da lamba mai tauraro da ta yi tsatsa, watakila da takarda naɗe cikin tsumma. Kada a bar gara ta ci. A buɗe, a kwafe suna da lamba da bataliya da garin da mutum ya fito. A tambayi tsofaffin gida tun suna da rai, wa ya noma gonar sa'ad da ya tafi, wa ta je Baitulmali, wa ta jira, wa ta kasa jira da dalilinta, a rubuta sunayensu su ma a gefen nasa. In kowane hakimi ya sa aka tattara na ƙasarsa cikin littafi guda aka ajiye a ofis, da makarantu sun sami abin karantarwa wanda ya fi sunan bariki. Waɗanda suka aza gammo a Kaladan, da waɗanda suka aza nasu a tsakar gida, Allah ya ji ƙansu, ya kyautata makwancinsu, amin.